Koyon Tuƙi A Tudun Yashi: Yadda Ƙungiyoyin Daular Larabawa Ke Horar Da Direbobi

Duk direban da ya saba da kwalta, ko da ya shekara 20 yana riƙe da sitiyari, ranar da ya fara jefa motarsa cikin tudun yashi ya koma ɗan koyo. Birkin da ya dogara da shi a cikin gari shi ne zai binne masa tayoyin gaba, totur ɗin da yake taƙama da shi kuwa shi ne zai haƙa wa motar rami har cikinta ya zauna a ƙasa. Wannan dalili ne ya sa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da hamada ta mamaye mafi yawanta, masu sha'awar shiga rairayi da mota suka kafa ƙungiyoyi na kansu, inda tsofaffin hannu suke ɗaukar sababbi su koya musu aikin daki-daki.

Mutanen waɗannan ƙungiyoyi ma'aikatan ofis ne da 'yan kasuwa da malamai, 'yan ƙasa da baƙi mazauna biranen Dubai da Abu Dhabi da Sharja. A da ranar Juma'a ce babbar ranar fitarsu, amma tun daga watan Janairu na 2022, da aka mayar da hutun mako zuwa Asabar da Lahadi a yawancin ƙasar, fitar ta fi yawa a waɗannan ranaku biyu. Lokacin da harkar ta fi ci shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu, domin da bazara zafin rana a cikin hamadar yakan haura awo 45, wani lokaci ma ya taɓa 50. Sababbi sukan fara ne daga ƙananan tuddai irin na Alkudra kusa da Dubai, daga nan a wuce Albadayir da Suwaihan, har ranar da mutum zai cancanci zuwa Liwa, a bakin babbar hamadar nan ta Rub'ul Khali.

DARASIN FARKO

Tun kafin a kunna mota ake fara darasi. Da sanyin safiya motocin sukan taru a inda kwalta ta ƙare, dukkansu masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Nissan Patrol da Pajero. Madugun tafiya yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kayan da ƙungiya ta wajabta, wato shebur, da igiyar jan mota, da famfon iska, da ma'aunin iskar taya, da jak tare da katakon ɗora shi, da rediyon oba-oba, da isasshen ruwan sha, da tuta a kan dogon sanda wadda ake kafawa a bayan mota don wanda ke ɗaya gefen tudu ya san akwai mai tahowa.

Daga nan sai kowa ya durƙusa ya rage iskar tayoyinsa. Tayar da ke tafiya a kan kwalta da awo 32 zuwa 35 na ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, akan sauko da ita zuwa wajen 15, ko ƙasa da haka idan yashin ya yi laushi ƙwarai. Hikimar abin ita ce, tayar da aka rage wa iska takan baje, wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, kamar dai yadda faffaɗan tafin raƙumi yake hana shi nutsewa. To, amma wannan sauƙi yana tafe da sharaɗi. Wanda ya karya kwana da ƙarfi a kan irin wannan taya, tana iya salluɓewa daga jikin wili, wanda kuma ya koma kan kwalta bai mayar da iskar ba, tayar za ta yi zafi har ta fashe.

SANIN HALIN TUDU

Bayan taya sai sanin halin tudun kansa. Iska ce ke gina tudun yashi, saboda haka yana da fuska biyu. Gefen da iska ke bugowa yana da sauƙin hawa, yashinsa kuma a danne yake. Ɗaya gefen, inda yashin ke zubewa, gangare ne mai tsayi wanda karkatarsa takan kai digiri 33 ko kusa da haka, ga laushi kamar gari. Direban da ya hau gefen farko da gudu ba tare da sanin abin da ke bayan ƙololuwa ba, motarsa za ta yi tsalle ta faɗi da goshi. Wanda kuma ya ji tsoro ya saki totur da wuri, cikin motar zai zauna a kan ƙololuwar, tayoyin su yi ta juyawa a banza.

Saboda haka ake nanata wa ɗan koyo wasu ƙa'idoji har su zame masa jiki. A gangara kai tsaye da ƙaramar giya, ba tare da danna birki da ƙarfi ba. Idan mota ta kasa kaiwa sama, a dawo da baya a kan sawun da aka hau, kada a yi yunƙurin juyawa a tsakiyar tudu, domin a nan ne motoci suke kifewa. Idan mota ta fara zamewa ta gefe, a karkata sitiyari zuwa ƙasa, a bi inda nauyinta yake so. Da zarar an ji tayoyi sun fara haƙa, a ɗauke ƙafa daga totur nan take, a fito a ɗauki shebur. Har ila yau akan koya masa lura da lokaci. Yashin safe ya fi ƙarfi saboda sanyin dare da raɓa, da tsakar rana kuwa inuwa takan ɓace, ido ya kasa bambanta tudu da kwari.

Kafewa ba abin kunya ba ne a wajensu, hasali ma sukan ɗauke ta cikin darasi. Abin da suke tsananta wa shi ne yadda ake fitar da motar. Igiya tana da wurin da aka tanadar mata a jikin mota, idan aka ɗaura ta a ƙarfen da bai dace ba zai iya tsinkewa ya taho kamar harsashi. Don haka kowa yakan ja da baya nesa, mutum ɗaya kawai ke ba da umarni.

TSARIN AYARI

Duk da yawan waɗannan dabaru, abin da ƙungiyoyin suka fi ba muhimmanci shi ne tsarin tafiya, wanda duk mai sanin tarihin fatake zai gane shi. Madugu ne a gaba, shi ke zaɓar hanya. Wani gwani yana can ƙarshe da kayan ceto, 'yan koyo kuma suna tsakiya. Ba a wuce na gaba, ba a fita daga sawu, kowane direba kuma alhakin motar da ke bayansa yana wuyansa. Idan ya daina hango ta sai ya tsaya ya sanar ta oba-oba. Galibin ƙungiyoyi ba su yarda mota ɗaya ta shiga ita kaɗai ba. Sukan kuma raba mutanensu aji-aji, daga 'yan koyo zuwa matsakaita zuwa gwanaye, ba a ɗaga mutum sai ya yi fita da yawa kuma madugai sun shaide shi da natsuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Manyan wasannin da ake yi a ƙasar suna jan hankalin matasa, irin su tseren hamada da Muhammad bin Sulayem ya kafa a 1991, da gasar hawa Tudun Murib a Liwa, wanda aka ƙiyasta tsayinsa da mita 300. Amma ɗan koyo a ƙungiya ba a barinsa ya kwaikwayi 'yan tsere, domin su suna da likitoci da ma'aikatan ceto a kusa, shi kuwa abokan tafiyarsa kaɗai gare shi.

INDA DABARUN SUKA SAMO ASALI

Yawancin abin da ake koyarwa a yau an gano shi ne kusan shekara 100 da suka wuce, a hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya da Sudan. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda aka tura aiki Masar a 1926, shi da abokansa suka riƙa shiga hamada lokacin hutunsu da ƙananan motocin Ford waɗanda ƙafa biyu kawai ke ja. A 1929 da 1930 suka kutsa cikin manyan tuddan yammacin Masar, inda a da ake ganin mota ba za ta iya shiga ba. Sun yi amfani da rage iskar taya, da shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin motar da ta kafe, da na'urar gane alƙibla ta hanyar inuwar rana. Su ma ƙungiya suka zama, wadda suka kafa a Wadi Halfa ta ƙasar Sudan a 1930, suka sa mata suna Zarzura. A 1940 Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada ta sojan Ingila a kan wannan sani, a 1941 kuma ya buga littafinsa a kan yadda iska ke tafiyar da yashi. Har a duniyar Mars akwai tuddan da masana suka sa wa sunansa.

ABIN DA YA SHAFI ƘASASHENMU

Abin da yake wasan hutu a Dubai, a ƙasashenmu hanyar neman abinci ce. Direbobin Agadas da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma sun san rage iskar taya da faifan ƙarfe sarai, sun koya ne daga iyayen gidansu tun suna yaran mota. Shekaru da dama kuma al'adarsu ce su taru su tashi a ayari ranar Litinin tare da rakiyar soja. An kuma ga abin da ke faruwa idan babu wanda zai kawo ɗauki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace. Mata da yara ne mafi yawansu, galibi daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ce ta kashe su.

A Nijeriya ma akwai tuddan yashi a arewacin Jihar Yobe, musamman a ƙaramar hukumar Yusufari. Ma'aikatan lafiya masu allurar rigakafi, da malaman dabbobi, da jami'an zaɓe, da masu duba makarantu, duk sai sun ratsa irin wannan ƙasa kafin su isa ƙauyukan da aikinsu yake. Jarrabawar lasin tuƙi kuwa a kan titi ake yin ta, ba ta taɓa batun yashi.

Ya kamata ma'aikatun da ke tura motoci irin waɗannan wurare su duba tsarin ƙungiyoyin nan, domin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Akwai tsofaffin direbobi a yankin waɗanda suka san yashi ciki da bai, ana iya sa su horar da sababbi na 'yan kwanaki kafin a damƙa musu makulli. Shebur da igiya da famfon iska da jarkar ruwa ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a kafa doka a rubuce cewa motar gwamnati ba za ta shiga tudu ita kaɗai ba, kuma kafin ta tashi sai an bar wa ofis bayanin hanyar da za ta bi da lokacin da ake sa ran dawowarta.