Ƙarar Tayimin Cen a Tsohon Roadmaster: Kada a Yi Saurin Zargin Tafet

Tun da aka hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, tsofaffin Honda Roadmaster sai a gefen gari nake ganinsu, irin su Nyanya da Zuba. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini, kuka ɗaya ne: inji yana ƙara, an saita tafet, bai daina ba.

Ku saurara da kyau. Tafet "tik-tik" yake yi, a tsare. Tayimin cen kuwa, wato sarƙar cikin inji da ke juya sandar da ke buɗe bawul, in ta saki sai ka ji kacau-kacau, musamman in injin na silo.

Da tenshina nake farawa, abin da ke ɗame sarƙar. A sassauta notinsa, sifirin ya tura, a ɗaure. In ƙarar na nan, to sarƙar ta miƙe ko robar da take bi ta cinye. Ni dai tare nake canza su, don sabuwar sarƙa a kan tsohuwar roba asarar kuɗi ce kawai.

Wajen mayarwa ake yin ɓarna. Dole alamar T ta magineto ta hau saitinta, alamar haƙoran sama ma haka. Haƙori ɗaya ya goce, mashin ba ƙarfi, tashi da ƙyar. Ya wuce haka, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Shi ya sa nake juya injin da hannu zagaye biyu kafin na taka kik.