Agwagwa da Lungun Bayan Ɗaki

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Bahaushe, amma kukan toron agwagwa ko zaure ba ya kaiwa. Huci kawai yake, yana miƙa wuya yana kaɗa wutsiya. Agwagwar da ake kiwo a gidajen Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, mai jan tsiro a fuska, ba irin ta Turai ba ce mai kwakwazo. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda 'yan uwanta na daji ke kwana bisa itatuwa har yau, kuma jiragen ruwan Turawa ne suka kawo ta Afirka. Wannan kwana bisa itace ne ya sa take da farce mai kaifi, shi ya sa kuma macen kan haye katanga in ba a rage mata gashin fiffike ɗaya ba.

An raina ta. Kaza ake yanka wa baƙo, zabo ake kaiwa kasuwa da alfahari, ita kuwa sai a ce ƙazama ce, wai namanta da ƙarni. Mai faɗin haka bai yi lissafi ba. Toron da ya ƙoshi yakan kai kilo 4, ninkin macen. Kwana 35 take yi a kan ƙwai, kaza kuwa 21, kuma ba ta cika gudun ƙwanta ba. Idan ciwon kaji ya shigo da hunturu ya share akurki, sau da yawa ita ce ke saura tana taku a tsakar gida. Sai dai a nan akwai abin lura: takan ɗauki cuta ba ta nuna ba. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Nijar a Fabrairun 2006, a jikin agwagin gida aka same ta a Magarya. Sabuwar da aka sayo a kasuwa, a keɓe ta tukuna.

Gulbin Kaba da ya ratsa ta Gazawa ya fi yawan goruba a kan ruwa, Gulbin Maraɗi da ya bi ta Tsibiri da Gidan Rumji kuwa sai da damina yake gudu. To ina agwagwa za ta yi wanka? Ba ta buƙatar tafki. Kusan kowane gida yana da lungun da ruwan wanke-wanke ke kwanciya, tafasa da rai-ɗore da tumfafiya sun rufe shi, fasassun tukwane da tsofaffin takalma sun zama gidan kunama. Wurinta ke nan.

Wajen gyara shi, kada a yi masa aski ƙwal. Manoman Ɗan Saga a ƙasar Agiye sun yi suna da sassaben zamani, wato barin tohon itace mai amfani a rage masa rassa ya girma. A yi haka a lungun: in akwai ɗan zogale ko magarya ko kalgo a bar shi don inuwa, sauran a nome. A binne rabin duro ko tsohon baho, a jefa bulo ciki, don 'ya'yan kan iya shiga su kasa fitowa. Ruwan kuma a riƙa kwashe shi ana ba shuka, gama ya riga ya zama taki. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, a nan zogale ne ke shan albarkacin agwagwa. Yakuwa da alayyafo dai a kewaye su da kara, in ba haka ba kafin la'asar ta tsinke su tas.

Cinta ba tsada. Dusa jiƙaƙƙiya, ƙasari, ragowar tuwo, ɗan gara ga ƙanana, sauran ta nema da kanta, har ƙuda take cafkewa a iska. Mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, don haka a yi musu rufin zana a makonnin farko, da dare kuma a rufe su saboda muzuru da gafiya.

Mai son farawa ya sayi mace biyu ko uku da toro ɗaya, kuma ya gama gyaran lungun kafin ruwan farko ya sauka, tun ciyawa ba ta sake rufe shi ba.