Batir Rumbu Ne, Ba Rijiya Ba: Darasi Daga Filin Tseren Motoci Zuwa Ƙasar Gobir

Tun zamanin da Alkalawa take babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808, an san Gobirawa da sha'anin doki. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Sabon Birni ko Isa ya san yadda sukuwa take: mahayi ya saki linzami, ƙura ta turnuƙe, kafin ƙiftawa da bisimilla ya ja ya tsaya a ƙofar fada. Abin da ɗan kallo bai cika lura da shi ba shi ne hakin da dokin yake yi bayan ya tsaya. Wannan haki biyan bashi ne. A cikin tsoka akwai wata 'yar ajiya ta ƙarfin gaggawa, wadda sinadarai biyu, ATP da fosfokiriyatin, suke riƙe da ita. A jikin ɗan Adam ajiyar ba ta wuce kimanin daƙiƙa 10 idan ana gudu iya ƙarfi, kuma sai an huta minti 3 zuwa 5 ana shaƙar iska kafin ta sake cika.

To, akwai wata sukuwar ta inji wadda take bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa, kuma akwai darasi a cikinta ga duk gidan da ake amfani da batir.

Sukuwar motoci

A Amurka akwai wani tsere da motoci biyu suke jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya, su tashi daga tsaye, wadda ta riga isa ita ce ta ci. Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, ita ce babbar mai shirya shi. Tsawon filin a al'ada mita 402 ne, amma tun 2008 aka rage wa motoci mafiya gudu zuwa mita 305 saboda tsaron rayuka. Irin waɗannan sukan cinye filin cikin ƙasa da daƙiƙa 4, da gudun da ya haura kilomita 500 a sa'a.

Sai dai yawancin masu shiga tseren da ƙananan motocin da aka yi wa gyara suke zuwa, kuma a nan ne zancen batir ya taso. A motar yau da kullum akwai altaneta, wato ƙaramin janaretan da inji yake juyawa da bel, wanda yake mayar wa batir abin da aka ɗiba tun ana cikin tafiya. Da yawa daga masu tsere sukan cire shi, domin yana da nauyi kuma yana rage wa inji ƙarfi. Ke nan batir shi kaɗai zai tayar da inji, ya ba filogi wuta, ya juya famfon mai da famfon ruwa da fanka. Bayan an gama zagaye ma ba ya hutawa, domin akan kashe inji a bar fanka da famfon ruwa suna aiki har injin ya huce.

Saboda haka da zarar mota ta koma rumfarta, kafin direba ya sha ruwa, an maƙala mata caja mai aiki da ƙaramin janareta. Wasu sukan yi amfani da batir mai bolt 16 a maimakon 12, don ko ya ɗan yi sanyi wutar filogi ba za ta raunana ba. Wanda ya yi sakaci da wannan, motarsa takan ƙi tashi a bakin layi, ko ta riƙa sarƙewa a tsakiyar fili, aikin watanni ya tashi a banza.

Me ke faruwa a cikin akwatin?

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859, kuma har yau tsarinsa bai sauya sosai ba. Batirin mota yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6. A kowane ɗaki akwai faranti iri biyu: na zallar dalma, da na dalmar da ta haɗu da iskar oksijin. Dukansu suna nutse a cikin ruwan batir, wanda asid ne mai suna salfurik da aka sirka da ruwa.

Yayin da ake jan wuta, asid ɗin yana haɗuwa da farantan, wani farin gishirin dalma ya riƙa lulluɓe su, ruwan kuma ya riƙa salancewa. Caji shi ne mayar da wannan aiki baya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa. Amma akwai sharaɗi. Sabon gishiri yana da laushi, ba ya wuyar narkewa. Idan aka bar batir babu caji na kwanaki ko makonni, gishirin yakan daskare ya yi tauri, ta yadda caja ba za ta iya narkar da shi ba. Duk gurbin da ya daskare a jikin faranti ya fita daga aiki ke nan har abada. Abin da ya sa mai tsere ba ya jira sai gobe ke nan.

Daga filin tsere zuwa Gulbin Rima

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Gatawa ko Turba da wasan Amurkawa? Amsar ita ce, a ƙauyukan da wutar gwamnati ba ta kai ba, ko take zuwa jefi-jefi, batir yana rayuwa irin ta motar tsere: ana ɗiba, babu altaneta mai mayarwa. Da shi ake kunna fitila da talabijin da lasifikar masallaci, da shi ake cajin wayoyi, in ya ƙare a ɗaura shi a bayan babur zuwa wurin mai janareta ko mai farantin sola. Haka ma motar hayar da altanetarta ta lalace, wadda kullum sai an tura ta take tashi. A yankin da matsalar tsaro ta sa tsayawa a daji ya zama haɗari, motar da ta ɗauko mai naƙuda da dare ta mutu a hanya ba ƙaramar musiba ba ce.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a jihar Sakkwato yakan haura digiri 40. Batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, kuma wannan zuba takan kusa ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Zafin kuma yana ƙafar da ruwansa, farantai su fito fili su lalace.

Ƙa'idoji shida

Na farko, a yi caji a ranar da aka yi amfani da batir, kada a jira sai fitila ta yi ja.

Na biyu, a auna, kada a yi kintace. Bayan batir ya huta sa'o'i kaɗan, mita za ta nuna 12.6 in ya cika, kimanin 12.2 in ya yi rabi. Daga nan ya kamata a dakata da jan wuta. In inji yana aiki, lafiyayyar altaneta takan nuna 13.8 zuwa 14.4. Ƙyasta waya tsakanin kawunan batir don a ga tartsatsi, da cire kan batir alhali inji yana aiki, ba gwaji ba ne, ɓarna ce.

Na uku, a yi caji a hankali. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikin batir: mai lamba 60Ah a ba shi amfiya 6, ya ɗauki sa'a 10 zuwa 12. In jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a tsayar.

Na huɗu, in ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwan da aka samo daga tururi. Ruwa ne yake ƙafewa, ba asid ba, don haka ba a ƙara asid. Ruwan rijiya kuwa yana ɗauke da ma'adinan da ke ɓata farantai.

Na biyar, a yi caji a inda iska ke ratsawa. Batirin da ya kusa cika yana fitar da iskar haidirojin mai fashewa. Kada a leƙa ramukansa da ashana ko aci-balbal, kuma a maƙala wayoyin caja kafin a kunna ta.

Na shida, a zaɓi batirin da ya dace da aiki. Na mota farantansa sirara ne, an yi shi don ƙarfin daƙiƙu kaɗan, kamar dokin sukuwa. Na sola farantansa masu kauri ne, shi ne raƙumin da ke jure doguwar tafiya.

Idan ya mutu

Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne. Jiki yana ruɗewa ya karɓi dalma tamkar kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Cikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Maƙwabta a Zamfara sun ga illarta a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A garin Thiaroye-sur-Mer na ƙasar Sanagal kuwa, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 ne suka rasu saboda ƙasar unguwarsu ta gurɓata da dalmar tsofaffin baturan da ake fasawa. Don haka kada a fasa batir a tsakar gida, kada a narka dalmarsa a murhu, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. A mayar da shi a rufe ga dillalin da ke karɓar tsoho.

Malamin kimiyya zai iya mayar da wannan darasi aikin aji da mita guda: ɗalibai su auna batir safe da yamma na mako ɗaya, su zana abin da suka gani. Za su gane da idonsu abin da manomi ya daɗe da sani, cewa rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙasansa ba ya da nisa. Da ma Hausawa sun ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Da a tura mota a tsakar daji, gwamma a duba batir tun a tasha.