Yadda ake cire fankar a-kori-kura

Ranar kasuwa, kuna ganin motocin a-kori-kura ɗauke da buhunan hatsi, da albasa, da awaki, da mutane. Wasu Peugeot 404 ne, ƙirar Faransa, waɗanda aka fara yi a 1960. Wasu kuma Toyota Hilux ne, ƙirar Japan, waɗanda aka fara yi a 1968. Kowace daga cikinsu tana da fanka a gaban injinta.

Mene ne aikin fanka?

Inji yana ƙona mai, shi ya sa yake yin zafi ƙwarai. Ruwa ne yake sanyaya shi. Ruwan yana zagaye injin, ya kwashi zafi, ya tafi cikin radiyata. Radiyata kuwa tana da ƙananan bututu masu yawa. Idan iska ta ratsa tsakaninsu, sai ruwan ya huce, ya koma cikin inji.

Idan mota tana gudu bisa kwalta, iska tana shiga da kanta. Amma idan tana tsaye a tasha, ko tana tafiya sannu cikin rairayi, iskar ba ta isa. A nan fanka take aiki. Tana jawo iska ta cikin radiyata, kamar yadda uwa take fifita kunu kafin ta ba yaro.

Inji yana son ruwansa ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. A ƙasarmu, cikin watan Afrilu da na Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Idan fanka ta lalace a wannan lokaci, ruwa ya tafasa, inji ya ƙone. Direban da wannan ya samu tsakanin Tawa da Agadas ya shiga wahala, shi da fasinjojinsa, don garuruwa suna nesa da juna, ruwan sha kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Don me ake cire ta?

Ana cire fanka idan fiffikenta ya tsage. Fiffiken da ya tsage yana iya ɓallewa ya huda radiyata. Ana kuma cire ta idan za a canza famfon ruwa, don a jikinsa take ɗaure.

Kafin a fara aiki

Bakanike ba ya taɓa fanka da gaggawa. Da farko ya kashe inji, ya zare makulli, ya sa a aljihu. Sa'an nan ya jira inji ya huce sarai. Ba ya buɗe murfin radiyata da zafi, don ruwan yana iya feso masa a fuska ya ƙona shi.

Bayan haka ya cire wayar batir ta gefen alamar ragewa (-). Wannan yana da muhimmanci. Wasu motoci fankarsu ta lantarki ce, tana iya tashi ita kaɗai ko da an kashe mota. Fankar da take juyawa ba ta san yatsa ba.

Yadda ake aikin

Bakanike ya ɗauko kwali, ya sa tsakanin fanka da radiyata. Bututun radiyata ba su da kauri, ɗan bugu kaɗan yana huda su.

A motoci da yawa, noti huɗu ne suke riƙe da fanka. Ana kwance su da kile mai lamba 10 ko 12. Ga dabarar da kowane aparanti yake koya: a sassauta notin tun ba a taɓa bel ba. Bel shi ne igiyar roba da take juya fanka. Muddin yana ɗaure tam, yana riƙe faifan ƙarfen da fanka take kai. Idan an fara cire bel, faifan zai riƙa juyawa tare da kile, notin kuma ba zai kwance ba.

Idan notin huɗu sun sassauta, sai a sassauta bel, a ƙarasa kwance su. A zuba su cikin gwangwani don kada su ɓata cikin ƙasa. Sa'an nan a kwance kwandon roba da ya kewaye fanka. A jawo fanka gaba kaɗan, a ɗaga ta sama tare da kwandon, sannu a hankali.

A tsakiyar fankar Hilux akwai wani ƙarfe mai kama da kwano. Akwai mai mai kauri a cikinsa. Shi ne yake sa fanka ta ƙara gudu idan inji ya yi zafi, ta rage idan ya huce. Ana jingine shi tsaye, ba a kwantar da shi, don kada man ya tsiyaye.

Mayar da fanka

Kafin ya cire fanka, bakanike yakan yi mata alama da alli a gefen da yake duban radiyata. Idan an mayar da ita a juye, ba za ta ja iska sosai ba. Ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, ya ja bel, ya juya fanka da hannu ya ga ba ta gogar kome. Ya fitar da kwali da kile duka, ya mayar da wayar batir. Sai a lokacin nan ne yake tayar da inji.

Yara, idan kun je gareji kallo, ku tsaya nesa da injin da yake aiki. Fanka tana iya fizgar hannun riga, ko mayafi, ko rawani.

Tambayoyi

1. Yaya ruwa yake sanyaya inji?
2. Wane lokaci ne mota ta fi bukatar fanka?
3. Don me bakanike yake cire wayar batir?
4. Don me ake sassauta noti kafin a taɓa bel?
5. Ku zana fanka, da radiyata, da bel cikin littafinku.