Kusu Ya Buɗe Hanya, Maciji Ya Biyo Sawu

Motar da ta yi kwanaki a tsaye a Madarumfa da wuya ta rasa baƙo. Garin yana bakin tafkin nan da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, ga Gulbin Maradi, ga gonakin rani na Jiratawa, ga dajin Baban Rafi can ta wajen iyaka. Ƙasar da Allah ya hore wa ruwa da hatsi haka ba ta rabuwa da kusu, wanda mutanen Kano ke ce wa ɓera, kuma duk inda kusu ya yi gida, maciji na tafe.

Kusu ne yakan fara shiga, kuma ba ya shiga banza. Motar da ta yi jigilar gero da wake da aya zuwa Maradi da kaka, ko an sauke buhu na ƙarshe, tsaba tana nan maƙale a tsakanin katako da ƙarƙashin kujera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaramin kusu kuwa, kafar da ɗan yatsa bai shiga ba ta ishe shi ƙofa. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka dole kullum ya samu abin gaigaya, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. A rumbu kara yake samu, a mota kuma waya da tiyo da soson kujera.

Ka tsaya kusa da bakanike ranar da aka turo masa irin wannan mota. Yana ɗaga bonet wari zai fara bugun hancinsa. A bayan batir ga sheƙa an tufka da zaren buhu da yagaggen soso da ɓawon gyaɗa, ga kashi baƙi-baƙi kamar tsabar shinkafa, ga waya an fiƙe mata riga jan ƙarfenta a waje. Yaron gareji ya ce, "Maigida, ai har 'ya'ya ta zuba." Ba mamaki, cikin kusu kusan mako uku ne kawai. Wayar da aka tsiraita in ta taɓa ƙarfe kusa da tiyon mai, gobara ce. Sheƙar ma ba a share ta a bushe, sai an yayyafa ruwa an rufe hanci, domin kusun gida mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take yaɗuwa.

Akwai ma baƙin ɓera mai doguwar wutsiya wanda asalinsa ba na ƙasarmu ba ne. Daga wajen Indiya ya fito, jiragen ruwa suka kawo shi gaɓar teku, manyan motocin kaya suka shigo da shi Sahel. Hanya irin ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maradi, wadda kaya ba sa yankewa a kanta, ita ce irin hanyar da yake so.

Maciji ba ruwansa da waya. Harshensa mai baki biyu da yake zarowa yana mayarwa, ƙanshi yake ɗebowa daga ƙasa da iska ya kai rufin bakinsa, da haka yake bin sawun kusu har gindin taya. Da ɗan gari akan ci gari. Sai kuma yanayi ya ƙara tura shi, tunda jikinsa ba ya ƙera ɗuminsa da kansa. Da hunturu injin da aka kashe da magariba yakan daɗe da ɗumi, da bazara ƙarƙashin mota inuwa ce, da damina kuma in tafki ya cika ramuka suka sha ruwa, tudu kawai yake nema.

Kowane da halinsa. Kumurci shi ne mahayi: yana farautar kusu da kwaɗi da ƙwan kaji, yana iya bin taya ya naɗe a kan injin, in an matsa masa ya fasa kai ya feso dafi a ido daga nisan kusan mita biyu. Wanda ya samu wannan, ya yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, kada ya murza. Kasa kuwa nauyin jiki gare ta, hawa ba aikinta ba ne. Kwanciya take yi a inuwar taya, launinta ya saje da ƙasa, ba ta gudu, shi ya sa ake yi wa mai nauyin barci kirari da ita. Amma saranta ba barci a cikinsa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kububuwa, da kyar take wuce kamu ɗaya, tana murza jikinta da jikinta ta yi ƙara in ta fusata. Ita sau da yawa da hannunmu muke ɗora ta a mota, cikin dami ko harawa ko itacen girki. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari. Ba a banza aka sa mata suna gobe da nisa ba.

Tsoron maciji a wajen Bahaushe tsoho ne. Da dare tsofaffi ba sa kiran sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Labarin Daura ma da shi ya fara, macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare shi. Don haka in aka ga maciji a cikin motar mutum, nan da nan wasu za su ce turo shi aka yi. Ina jin tausayin mai motar da aka jefa wa wannan zargi a zuciya, ya koma yana kallon maƙwabcinsa da abokin lodinsa a tasha da wani ido. Da zai duba ƙarƙashin kujera ya ga kashin kusu, da ya san wanda ya yi gayyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ba kowane maciji ke da dafin kisa ba, wasu kusun kawai suke rage mana, sai dai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Direban da ya san ƙasar nan yakan share motarsa bayan lodi, ba ya ajiye ta a gindin rumbu ko cikin ciyawa, kuma da safe yakan bubbuga bonet kafin ya buɗe, don maciji motsin ƙarfe da na ƙasa ya fi ji a kan ƙarar oda. Ba ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba. In kuwa abin ya leƙo ana cikin tafiya, a rage gudu a gangara gefe a fita, kada firgita ta kifar da mota cike da mutane.

Idan sara ya auku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, kada a tsaya jiran baƙin dutse ya tsotse dafi, domin ba ya tsotsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 yake kashewa duk shekara, galibi manoma da makiyaya. A cire zobe da agogo, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafa, a sa shi a mota a nufi asibiti, a tambayi allurar kashe dafi tun daga bakin ƙofa.