Abin da ke rubutuwa da abin da ba ya rubutuwa

Darasinmu na yau a kan wani ɗan guntun ƙarshen kalma ne, wanda kuke faɗi kullum ba ku lura da shi ba, watau "uwa".

Ku duba. Daga rubuta muna samun rubutuwa, daga ƙirga, ƙirguwa, daga ɗauka, ɗaukuwa. In Bahaushe ya ce abu yana rubutuwa, nufinsa ana iya sa shi a takarda. Taurari ba su ƙirguwa. Damman hatsi na cikin rumbu kuwa suna ƙirguwa, sai dai in mai rumbu ya yi ƙyuya.

Ga magana uku da mutane ke haɗawa. "Ba a rubuta ba": babu wanda ya ɗauki alƙalami. "Bai rubutu ba": an gwada, amma bik ya ƙafe ko takarda ta jiƙe. "Ba ya rubutuwa": abin ne da kansa ya fi ƙarfin rubutu.

Kada ku ɗauki wannan bambanci wasa. Mutum ya karɓi jinginar gonarku, kun ce a rubuta, sai ya ce: "Haba, abin da ke tsakaninmu ai ba ya rubutuwa." Zumuncin ne ba ya rubutuwa. Jingina tana rubutuwa sarai: sunan mai gona, sunan wanda ya karɓa, jaka nawa aka ba da, iyakar gona gabas da yamma, shekara, da shaidu. Kunya ce kawai ke hanawa. Ran da shaidu suka ƙare, ƴaƴa ne za su tsaya gaban mai gari, wannan ya ce saye ne, wancan ya ce jingina. Bayan dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma yin irin wannan takarda yana cikin aikinsu.

To, akwai abin da da gaske ba ya rubutuwa cikin haruffanmu. Ku karanta wannan: "Ba ya faɗuwa." Tulu ne da aka girke da kyau, ko kuwa zance ne mai nauyi da baki ba ya iya faɗi? A baki sun bambanta, don na tulu ana jan "fa" ɗinsa, muryar kuma daban take hawa da sauka. A takarda ɗaya suke. Bayan taron Bamako na 1966 jaridunmu na yaƙi da jahilci sun riƙa ninka wasali mai tsawo, su rubuta "faaɗuwaa". Taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutunmu da na Najeriya, aka bar ninkin. Hawa da saukar murya kuwa, har yanzu rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Amma suna ɗaukuwa, dā a kaset, yanzu a salula.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya rubuta cikin kayensa abu uku na gidansa da ke rubutuwa amma ba a rubuta ba, ya kawo wa malaminsa.