Idan 'yan wasan ƙauye suka haɗu da ƙwararru

Mai sauraro, ko kana Maiurno ko Makwar, ka san gardamar nan ta majalisar shayi: wai samarinmu za su iya karawa da Hilal ko Marrikh ta Omdurman?

To, gwaninta ba ita ce matsalar ba. Numfashi ne. Ƙwararre ƙwallo ce sana'arsa: atisaye kullum, ga likita, ga albashi. Naka yaron kuwa daga gona ya taso, ya wanke ƙafa ya sa takalmi. Minti 60 na farko sai ka rantse kunnen doki za a tashi. A 30 na ƙarshe ake zura masa uku.

Shi ya sa gasar lig, mai wasanni da yawa, ba ta yi wa ƙarami daɗi. Hilal ma da yaƙi ya kai ta Muritaniya, ita ta zo ta ɗaya a lig ɗinsu a 2025.

Gasar kofi, ta sili ɗaya ƙwale, nan ce ƙofarku. Ku tsare gida, ku rage gudun banza, ku ja wasan har bugun fenariti. A nan mai tsaron gida ɗaya ya isa.